Yadda Ake Rubuta Kashi Ɗaya na Wasan Barkwancin Iyali a Kan Yaro Mai Baiwa da Danginsa

Duk wanda ya zauna rubuta wasan barkwanci a kan yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, abin da hannunsa ke fara rubutawa kusan iri ɗaya ne: babba ya yi magana, yaro ya gyara masa, babba ya yi zuru, 'yan kallo su yi dariya. Karon farko akwai dariya. Karo na biyu a yi murmushi. Kafin a kai minti na goma mai kallo ya fara jin haushin yaron yana tausaya wa iyayensa, kuma da zarar an kai nan wasan ya mutu ko da an ƙarasa ɗaukarsa. Abin da ke raya irin wannan labari shi ne gidan da yaron yake ciki: wa baiwarsa ta takura, wa ta sa aka manta da shi, wa yake tinƙaho da ita a waje yana shakkarta a cikin gida. Wannan jagora za ta bi kashi ɗaya mai tsawon minti 22 tun daga farar takarda har ranar ɗauka, kuma zan riƙa gina misali guda a gabanka don ka ga yadda kowane mataki ke hawa kan na bayansa.

Minti 22 ɗin daga talabijin ɗin Amurka ya samo asali, inda ake ba wasan rabin awa, tallace-tallace su cinye kusan minti 8. Ko a YouTube za ka sa naka, inda babu mai tsayar da kai, ina ba ka shawara ka riƙe wannan ma'auni. Ƙuncin lokaci ne ke tilasta wa marubuci zubar da abin da ba ya aiki.

Mataki na 1: Fara da abin da yaron bai iya ba

Kafin ka rubuta layin magana ko ɗaya, raba takarda gida biyu. A dama ka rubuta abin da yaron ya fi sa'o'insa da shi. A hagu ka rubuta inda yake daidai da shekarunsa, ko ma ƙasa da su. Marubuta da yawa suna cika dama su bar hagu fayau, alhali dariya da tausayi duk a hagu suke kwance.

Haka abin yake ma a zahiri. Leta Hollingworth, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta koyar a Jami'ar Kolambiya a Amurka, ta shafe shekaru tana bibiyar yaran da makinsu a gwajin basira ya haura 180, aka buga sakamakon aikin a 1942 bayan rasuwarta. Babban abin da ta lura da shi shi ne wahalar ɗaukar tunanin manya a cikin jiki da zuciyar yaro: samun abokin wasa yana yi musu wuya, haƙuri da wanda bai gane da sauri ba ma haka. A 1991 wasu masana da iyaye da aka sani da Rukunin Columbus suka bayyana baiwa a matsayin girman da ba ya tafiya tare, wato ƙwaƙwalwa ta yi gaba abinta, jiki da zuciya suna baya suna tafiyarsu ta kowane yaro. Wannan tazarar ita ce jarinka.

Mu kira yaron misalinmu Auta, shekararsa 9. A dama: lissafi. Yana gane lambobi kamar yadda wani ke gane fuskar mutane, ba ya mantuwa, ba ya kuskure. Iyakar baiwarsa ke nan, kuma da gangan na taƙaita ta. Yaron da ya san lissafi, ya san likitanci, ya san shari'a, ya iya gyaran mota, ya tashi daga mutum ya koma na'ura, kuma in babu abin da zai gagare shi, ina labarin yake? A hagu: ba ya barci sai da fitila a kunne, har yanzu yayarsa ke ɗaure masa igiyar takalmi, bai iya ƙarya ba ko ta ceton rai, kuma bai san akwai gaskiyar da ake jira baƙi su tafi kafin a faɗe ta ba.

Mataki na 2: Gina dangin, kowa da abin da ya fi yaron sani

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Dubi shirye-shiryen da suka yi nisan kwana a wannan fage. Young Sheldon, wanda tashar CBS ta nuna daga 2017 zuwa 2024, zango 7, kashi 141, ya fara ne da yaro ɗan shekara 9 da aka kai sakandare a gabashin jihar Teksas a 1989. Amma duba inda aka kai shi: aji ɗaya da yayansa, a makarantar da mahaifinsa ke horar da 'yan ƙwallo, ga kuma tagwaiyarsa mace da aka bari a firamare. Tun daga tsarin gidan an riga an dasa rigimar da za ta ciyar da shekara bakwai. Malcolm in the Middle kuwa, wanda Fox ta nuna daga 2000 zuwa 2006, kashi 151, yaron da aka auna basirarsa aka samu 165 ya ɗauki kai shi ajin masu baiwa a matsayin masifar da ta faɗa masa, domin abin da yake so shi ne a bar shi ya zama kamar kowa.

Ga kowane ɗan gida ka amsa tambaya uku a rubuce. Me yake so a wannan kashin? Yaya yake ɗaukar baiwar yaron? Me ya sani wanda yaron bai sani ba? Ta ukun ita ce mai muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa.

Baban Auta shekararsa 52, ma'aikaci ne mai albashi. A gaban abokai ba ya gajiya da labarin ɗansa, a gida kuwa in yaron ya ce "Baba, ina da tambaya" sai gabansa ya faɗi. Abin da ya sani: yadda ake rufa wa mutum asiri. Mama ita ke riƙe da littafin kashe-kashen gida shekara da shekaru; tana kare Auta daga duniya har ta manta akwai wata yarinya a gidan. Abin da ta sani: fuskar ɗanta in yana ɓoye abu. Yaya, 'yar shekara 14, makinta a makaranta tsaka-tsaki ne, gudu take yi, kuma ta gaji da a gabatar da ita da "yayar yaron nan mai lissafi". Ita ke karanta mutane kamar yadda ƙanenta ke karanta lambobi. Kaka, mahaifiyar Baba, ita kaɗai ce baiwar ba ta burge ba, a wurinta jika ne mai surutu. Sai Kawu, ƙanen Mama, mai yawan zuwa gidan, mai fara'a, wanda a 'yan watannin nan zuwan nasa ya ƙaru.

Kashedi ɗaya. Kada ka mai da wani daga cikinsu wawa don yaron ya haskaka. In mutanen da ke kewaye da shi sakarkaru ne, fin su ba abin mamaki ba ne, kuma mai kallo, wanda galibi kansa yake gani a cikin iyayen ko yayar, zai ji kamar shi ake yi wa dariya.

Mataki na 3: Sa baiwar ta jawo rigimar

Labarin kashin yana farawa ne daga wani abu ƙarami da yaron yake so, irin son yara, mai ɗan son kai a ciki. Auta yana son madubin hangen taurari. Baba ya ce babu kuɗi. Auta ya nemi a ba shi littafin Mama ya duba, don ya tabbatar akwai. Ya tattara wata shida, ya gano cewa kashi ɗaya cikin goma na albashin Baba yana ɓacewa kowane wata ba tare da an rubuta inda ya tafi ba. Ya faɗa a gaban kowa ana cin abinci, yana murna, a zatonsa ya samo kuɗin madubi.

Gaskiyar maganar kuwa, an sallami Kawu daga aiki wata shida da suka wuce, ya roƙi Baba kada yayarsa, wato Mama, ta ji, Baba yana tallafa masa a ɓoye. Ka lura da yadda abin ya ɗaure: wadda za ta fi kowa zargin Baba ita ce wadda ake rufa wa ɗan'uwanta asiri. Mai kallo zai so kowa a cikinsu, kuma babu mugu a labarin. Wasan iyali ba ya buƙatar mugu. Mutane masu ƙaunar juna da ke ɓoye wa juna abu sun isa.

Gwajin da za ka yi wa labarinka shi ne wannan: in ka cire yaro mai baiwa ka sa yaro kamar kowa, labarin zai iya faruwa? In zai iya, ba ka samo labarin wannan yaron ba tukuna. Gwaji na biyu: wa ya warware matsalar, kuma da me? In lissafin da ya ƙulla rigimar shi ne ya kwance ta, yaron bai taɓa shiga tsaka mai wuya ba, mai kallo kuma bai taɓa jin tsoro dominsa ba.

Bayan babban labari kana buƙatar ƙarami da ke tafiya a gefensa, da kuma zaren dariya da zai leƙo sau uku. Ƙaramin labarinmu na Yaya ne: tana da gasar gudu ranar Asabar, ta faɗa sau biyu, babu wanda ya ji. Zaren dariyar kuwa shekarun Kaka ne. Ta daɗe tana cewa shekararta 60, Auta kuma an ba shi aikin makaranta ya zana bishiyar danginsa da shekarun kowa.

Mataki na 4: Raba mintocin

Ɗauki ƙananan katuna, kowace fitowa kati ɗaya, ka rubuta inda ake, su wa ke ciki, da abin da ya canza kafin a fita. Fitowar da babu abin da ya canza a cikinta, yaga katin. Fitowa 12 zuwa 15 sun ishi kashi ɗaya. Ga yadda namu zai kwanta.

Share fage, minti ɗaya da rabi, kafin sunan shiri ya fito. Auta da takardarsa a gaban Kaka. Ta ce 60. Ya ce Baba 52 ne, ke nan ta haife shi tana da shekara 8. Ta ce, "To, da wuri na fara." Ya buɗe baki, ta miƙa masa kofi ta aike shi. A cikin wannan ɗan lokaci mai kallon da bai taɓa ganin shirin ba ya san waye yaron, ya san akwai wadda ba ya iyawa da ita.

Gaɓa ta farko, kusan minti 6. Roƙon madubi, ƙin Baba, karɓar littafi, Yaya ta ambaci gasarta ana tsakiyar wata magana, sai fashewar bam a wurin cin abinci. A rufe gaɓar a kan fuskar Mama tana kallon Baba.

Gaɓa ta biyu, kusan minti 8, ita ce mafi tsawo kuma ita ce ke kayar da marubuta, domin a nan ake son abu ya riƙa ƙara lalacewa, ba ya riƙa maimaita kansa ba. Mama ta ja Auta gefe ta ce ya ci gaba da bincike. Baba ya ja shi gefe ya ce wataƙila fa za a iya duba maganar madubin nan, in an bar littafin ya huta. Yaro ya tsinci kansa iyaye biyu suna zawarcinsa, abin ya yi masa daɗi, ya manna babbar takarda a bangon falo ya jera hasashe guda biyar da yiwuwar kowanne cikin ɗari. Kawu ya shigo ya tsaya yana karantawa, gumi na keto masa, yana ba da shawarar a ƙara na shida: ɓera. Duk wannan Yaya na gefe tana kallo. Da dare, tana kwance masa igiyar takalmin da ya ƙulle, ta ce ta san inda kuɗin suke zuwa, za ta faɗa masa in zai zo ranar Asabar ya riƙe mata agogo. Ya yarda. Ta ce, "Yaushe rabon da ka ji Kawu ya zagi ogansa?" Auta ya yi shiru yana ƙirgawa. Wata shida. A rufe gaɓar a nan, yaro na riƙe da amsa a karon farko bai san abin da zai yi da ita ba.

Gaɓa ta uku, kusan minti 5 da rabi. Auta ya yanke shawarar rufa asirin, ya gyara lissafin da gangan ya ce shi ne ya yi kuskure. Yana faɗa yana kallon rufi, kunnuwansa na rawa, muryarsa ta canza. Mama ko littafin ba ta duba ba. Kawu ya kasa jure ganin yaro na ƙarya dominsa, ya faɗi gaskiya. Fushin Mama ya tashi daga kan kuɗi ya koma kan ɓoyewar da maza biyu suka yi mata. Sai fitowar shiru, wadda zan zo kanta. Sai filin gudu, dangi duka a gefe, Kawu ya fi kowa ihu, Auta da agogo a hannu.

Wutsiya, wato 'yar gajeriyar fitowar rufewa, daƙiƙa 40. Auta zai miƙa aikin makaranta, ya sake tambayar Kaka. Ta ce 60. Ya dube ta, ya rubuta 60. Kyamara ta matso: a ƙasa, da ƙananan haruffa, ya ƙara "da 14".

Ko Yaya ta ci gasar ko ba ta ci ba, wannan naka ne. Ni na fi son ta zo ta biyu, domin abin da take nema shi ne a zo a gan ta, kuma an zo.

Mataki na 5: Rubuta maganganun

Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce shafi ɗaya na rubutu ya yi daidai da kusan minti ɗaya a allo. Wasan barkwanci yana gudu, don haka rubuta shafi 25 zuwa 30, ka san za a yanke. Ga fitowar cin abinci a zubin farko:

AUTA: Baba, na duba littafin. Kana da kuɗi.
BABA: Alhamdu lillahi. A ina suke?
AUTA: Shi ne ban sani ba. Kashi ɗaya cikin goma na albashinka yana ɓacewa duk wata. Wata shida ke nan.
MAMA: (ta ajiye cokali) Sake faɗa in ji.
BABA: Haba, yaro ne, kuskuren lissafi ya yi.
(Kowa ya juyo ya dubi Baba.)
KAKA: Wannan? Ni da bai bari na huta da shekaruna ba?
KAWU: (yana miƙewa) To, ni dare ya yi mini.
YAYA: Kawu, ƙarfe biyun rana ne.

Duba abin da ke faruwa a nan. Auta bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Gaskiya yake faɗa da zuciya ɗaya, dariyar tana fitowa ne daga yadda gaskiyar ke sauka a kan manya. Wannan shi ne sirrin rubuta irin wannan yaro: kada ya san yana ba da dariya, kada kuma ya yi niyyar wulaƙanta kowa. Ranar da ya fara gatse yana jiran tafi, ya zama ɗan rainin wayo, ka rasa shi.

Kalmar da ke tayar da dariya ta zo a ƙarshen layi, kada a binne ta a tsakiya a ci gaba da magana a kanta. "Ƙarfe biyun rana ne" ya ƙare a inda ya kamata, in ka ƙara "ina za ka je yanzu?" ka kashe shi. Sannan rufe sunayen da ke gefen hagu da hannunka ka karanta. In ba za ka iya gane mai magana daga maganarsa ba, duk bakinka ne suke magana da shi. Baba yana kwana-kwana, Mama gajerun jimloli take yi in ranta ya ɓaci, Kaka ba ta amsa tambayar da aka yi mata, Yaya takan jira kowa ya gama ta jefa ɗaya. Shi kuma Auta, kada ka cika masa baki da manyan kalmomi don a ga ya sani. Daidaito ne alamarsa: inda wani zai ce "kwanan baya", shi sai ya ce "ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti goma".

Mataki na 6: Tabbatar da ilimin da ka sa a bakin yaron

Duk lambar da Auta ya faɗa, zauna ka lissafa ta da kanka, sannan ka ba wanda ya fi ka ya duba. A cikin masu kallo akwai malaman lissafi, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rushe amanar da aka ba shirin. Masu shirya The Big Bang Theory, wani wasan barkwanci a kan masana kimiyya, da Young Sheldon sun ɗauki David Saltzberg, farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, yana duba musu maganganun kimiyya da abin da ake rubutawa a allo. Kai ma malami ɗaya da zai karanta maka shafuka uku ya wadatar.

Basirar da mai kallo zai iya bi da idonsa ta fi wadda ake gaya masa kawai. Tuna labarin da ake bayarwa game da Carl Friedrich Gauss, masanin lissafin Jamus da aka haifa a 1777, cewa yana yaro malaminsu ya ce su tara lambobi daga 1 zuwa 100. Ya lura cewa 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har ƙafa 50, ya ce 5050. Kowa yana iya bin wannan cikin daƙiƙa goma, ya ji daɗin ganewa tare da yaron. Abin da ya sa 60 a cire 52 yake aiki a share fagenmu ke nan: mai kallo ya riga Kaka isa ga amsar.

Mataki na 7: Fitowar shiru

Kusan minti na 19 ana buƙatar wuri ɗaya da dariya za ta ja baya. Minti ɗaya ya isa. Haɗarinsa wa'azi ne. Hannu zai so ya sa Baba ya zaunar da yaro ya karanto masa cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Hana hannunka. Mai kallo ya riga ya gani da idonsa, in ka sake faɗa masa ka raina shi. Bar su su yi magana a kan ƙaramin abu, babban ya tsaya a ƙasa.

(Ɗakin Auta, fitila a kunne. Baba a bakin gado.)
AUTA: Lissafina daidai ne.
BABA: Daidai ne.
AUTA: To me ya sa kowa ya yi fushi?
BABA: Ba da kai ake yi ba. Matsa in zauna.
AUTA: Da ka rubuta "Kawu" a littafin, da ban sha wahala ba.
BABA: Da na rubuta, da shi ya sha.
(Shiru. Auta na juya maganar.)
AUTA: Madubin fa?
BABA: Kwanta.

Baba ya kai hannu zai kashe fitila, ya tuna, ya bar ta. Yaron bai samu madubi ba, bai kuma sauya hali ba. Ya matsa taku ɗaya ne kawai, kuma haka ake so, domin mako mai zuwa kana buƙatar shi da halinsa.

Mataki na 8: Zaɓi salon ɗauka tun kana rubutu

Hanya biyu ce. Akwai ɗauka da kyamarori da yawa a gaban 'yan kallo, salon da shirin barkwancin Amurka I Love Lucy ya kafa a 1951 da kyamara uku. Wannan yana son ɗakuna kaɗan, fitowa masu tsawo, da ɗan jinkiri bayan kowace dariya. Akwai kuma kyamara ɗaya irin ta fim, babu dariyar 'yan kallo, wadda Young Sheldon da Malcolm in the Middle duk suka bi. Ga labarin yaro na fi son ta biyu, saboda tana ba ka damar matsawa kusa da fuskarsa, tana kuma barin shiru ya yi aikinsa. Wutsiyarmu ta "da 14" ba za ta yiwu ba sai da matsowar kyamara. In kana son mai kallo ya ji abin da ke cikin kan yaron, kana iya sa shi ya juyo ya yi wa kyamara magana kamar Malcolm, ko muryarsa bayan ya girma ta riƙa ba da labari kamar yadda ɗan wasa Jim Parsons ya yi a Young Sheldon. Ɗauki ɗaya, kuma kada muryar ta faɗi abin da ido ya riga ya gani.

Mataki na 9: Zaman karatu da gyara

Tara mutane a tebur, kowa da nasa rawar, a karanta da ƙarfi daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kai kada ka karanta komai. Riƙe biro da agogo, ka sa alama a duk inda aka yi dariya, ka ja layi a duk inda wani ya duba wayarsa. Shafin da ya wuce babu alama ko ɗaya, in ba fitowar shiru ba ce, yana buƙatar aiki. Layin da ɗan wasa ya yi tuntuɓe a kansa sau biyu, laifin layin ne, sake shi.

Daga nan ka yi karatu na musamman sau ɗaya don Yaya kaɗai, kana bin fitowarta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke faruwa da irinta a cikin gida yakan faru da ita a kan takarda: marubuci ma yana mantawa da ita. Tabbatar ambaton gasarta na farko ya fito sarai yadda mai kallo zai ji ko da dangin ba su ji ba, in ba haka ba cinikin da ta yi da ƙanenta a gaɓa ta biyu zai zo kamar daga sama. Haka za ka bi Kawu: tun fitowarsa ta farko a ga ya zo da rana tsaka a ranar aiki, kada kowa ya ce komai a kai.

Mataki na 10: Ranar ɗauka da ƙaramin ɗan wasa

Yaron da zai hau rawar Auta yaro ne na gaske, yana gajiya, yana da makaranta. A jihar Kalifoniya doka ta taƙaita awannin da ƙaramin ɗan wasa zai yi aiki, ta wajabta awa 3 na karatu a wurin ɗauka a ranakun makaranta, kuma dokar Coogan, wadda aka fara kafawa a 1939, a yau tana sa a ajiye masa kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu har ya girma. Ko a inda kake babu irin wannan doka, tsara aikinka kamar akwai: mahaifi ko mai kula da shi yana wurin, an fara da fitowarsa da safe yana da kuzari, an sallame shi kafin a juya kyamara kan manya.

Wannan yana shafar rubutu kai tsaye. Kada Auta ya kasance a kowace fitowa. Ba Mama da Baba tasu su biyu, ba Kaka da Kawu tasu, yaron ya samu hutu, labarin ma ya samu iska. Dogayen bayanan lissafi ka yanka su gunduwa-gunduwa, wani ya riƙa katse shi, don ya haddace da sauƙi. Wajen zaɓen ɗan wasa, kada saurin baki ya ruɗe ka. Ba shi fitowar ƙaryar nan ta gaɓa ta uku, ka ce ya yi iya ƙoƙarinsa Mama ta yarda da shi, kada ya nemi ba kowa dariya. Sannan ka ba shi layin "To me ya sa kowa ya yi fushi?" ka matso da kyamara, ka bar ta tana ɗauka daƙiƙa biyar bayan ya rufe baki.